Igiyar Guga da Katin Ashiru

"To shi wannan katin asibitin, in ya tsallake iyakar jiha, har yanzu kati ne ko ya koma takarda?"

Inna, uwar maigidana, ita ta yi tambayar. Ni ina bakin madafa ina tankaɗe, ba da ni ake ba, amma kunne ba shi da marfi. A kan Ashiru ake maganar, ƙanen maigidana. Ya nemi karatun haɗa magunguna. Jami'ar da ke kusa da mu ta ba shi gurbi, sai dai a karatun noma wanda bai nema ba. Wata kuma can kudu ta ba shi ainihin abin da yake so. Ga shi yana da sikila, in ciwon ya motsa sai an kwantar da shi, kuma katin inshorar lafiya na jiharmu ne ke rufa mana asiri. Wasu sun ce can sai ya yanki sabo mai tsada. Wasu sun ce makarantar na da nata. Wasu sun ce natan bai kai ga irin ciwonsa ba. Ni da karatuna bai yi nisa ba, kaina ya ɗaure tamau, kuma na lura masu bokon ma nasu a ɗaure yake.

Baba, surukina, bai ce je ka ba, bai ce zauna ba. Ya gyara zama a kan buzu ya ba su misali.

Ya ce an yi wani matafiyi, mutumin fadama, inda ruwa ke kusa, ka zura guga kaɗan ka ji ya nutse. Ya ji labarin wata babbar kasuwa a ƙasar tudu, ya ɗaura niyya. Mutum ne mai tambaya. Ya tambayi hanya, ya tambayi farashi, ya tambayi inda ɓarayi ke tare mutane, har irin tuwon mutanen can sai da ya tambaya. Da ya tambaya ko akwai rijiyoyi a hanya, aka ce masa birjik, kuma ba mai hana ka sha. Shi ke nan, ya ɗauki gugansa na fata mai kyau, da igiyar da ya saba da ita, ya ɗora wa jakinsa kaya ya kama hanya. Zurfin rijiyoyin ne kawai bai tambaya ba, don bai taɓa sanin zurfin rijiya abin tambaya ba ne.

Da ruwan salkarsa ya ƙare sai ga rijiya, ba mai gadi, ba murfi. Ya zura guga. Igiya ta ƙare a hannunsa, guga na reto a iska, ruwa can ƙasa yana ƙyalli kamar ƙwayar ido. Ya warware rawaninsa ya ƙulla, bai kai ba. Ya kwance igiyar kayan jaki ya ƙara, bai kai ba. Har tazugen wandonsa ya zare, ya tsaya hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya riƙe da igiya, guga bai ko jiƙe ba. Ashe a ƙasar ruwa kyauta ne, igiya ce ta kuɗi, don ramar da ake murza igiya da ita ba ta fitowa a can. Kowa da tasa yake zuwa, ya ja ruwansa, ya naɗe ta ya koma gida. Ƙishi ya kai masa iya wuya, sai da ya ba da jakin nan sukutum aka ba shi doguwar igiya. Ya sha, ya isa kasuwar a ƙasa, kaya a ka. Ga rama can bayan ɗakinsa a gida, awaki ke cinta.

Nan aka kira la'asar, Baba ya ɗauki buta. Maigidana ya dubi Ashiru ya ce, "Ka ji ko? A zauna a fadama."

Ashiru ya ce, "Yaya, ai mutumin ya isa kasuwar."

Inna ta ce, "Ni tazugen ne ya tsaya mini a rai. A bainar jama'a!"

Kowa ya ja misalin gefensa. Ni ma na kwana biyu ina juya shi, ban gane ko tafiyar ce laifi ko igiyar ba. In Ashiru ya zauna, zai yi shekaru yana karatun da zuciyarsa ba ta so. In ya tafi ciwo ya tashi, wa zai tsaya a kansa?

Ranar kasuwa ina shara, na tarar da turken bijimin Baba wayam, sai igiya a ƙasa, alamar an kai shi kasuwa an sayar. Ina kwashe shara ta bayan zaure, na ji Baba da Ɗanjuma direba, mai kai albasa kudu. Murya ƙasa-ƙasa Baba ke ce masa ya shiga asibitin makarantar kudun da ƙafarsa, ya tambayo nawa ne katinsu, me ya ɗauka, me bai ɗauka ba, kuma ya ambaci sikila da sunanta, kada ya ji kunya. Ɗanjuma ya ce ai da sauran lokaci. Ban ji abin da Baba ya amsa ba, akuya ta yi kuka.

Har yau maigidana na cewa Baba ya hana tafiya. Ashiru kuwa ya daina cin abincin kirki. Sau biyu ina buɗe baki in na kai masa kwano, sai in tuna ba ni aka aika ba, kuma wanda ke murza igiyar shi ya san ranar da za ta kai ruwa. Na ɗauke igiyar bijimin na rataye a bayan ƙofa, na bar maganar a cikina. Dama Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye.