Mai Kitson da Ta Rufe wa Uwarta Ƙofa

Ke da kike cewa kunyar mutane ta hana ki yin abin da ya kamata, zauna ki ji. An yi wata mai kitso, gidanta kullum cike da mata kamar kasuwa. Ɗanta kuwa tun haihuwa jikinsa ba garkuwa. Murar da yara ke yawo da ita a kwararo, shi sai ta kai shi gadon asibiti. Likitoci suka ce sai dashen ɓargo, aka ɗiba a jikin yayarsa aka sa masa. Ranar sallama likita ya ja wa uwar kunne: sabon ɓargon nan kamar tsiron gero ne da bai kama ƙasa ba, tarin baƙo ɗaya ya isa ya tuge shi. Ba 'yan dubiya, ba ɗauka, ba abincin wani gida. To, kin dai san mu. A ce yaro ya dawo daga asibiti ba a je sannu ba? Ta ajiye kibiya da mataji, ta rufe ƙofa. Mata suka zo da kwanuka, suka koma da su. Aka ce girman kai ne, aka ce ta mai da maƙwabta mayu. Ita kuwa tana ciki tana tafasa ruwa da cokali, hannuwa duk sun tsage don wanki. Ko juyi yaron ya yi sai ta taɓa goshinsa.

Ana nan sai ga mahaifiyarta daga ƙauye, ƙwaryar fura a ka, wani jikan goye a baya, idonsa jawur, yana tari. 'Yar ta hango su ta taga, ta tsaya bayan ƙyaure, hannu a kan sakata. "Inna, ki yafe mini, ki gan shi ta taga." Tsohuwa ta ce, "Ni da na haife ki zan leƙa jikana kamar ɓarauniya?" Ta dire ƙwaryar a bakin ƙofa, ta tafi ba waiwaye. Mai kitso ta durƙusa tana kuka, tsoron fushin uwa na cin ta, amma sakata ba ta motsa ba. Ba a jima ba aka aiko daga ƙauye: ashe ƙyanda ce a jikin goyon nan, ta kwantar da yaran gidan kaf. Su sun tashi, don jikinsu ya iya faɗa. Nata da wane jiki zai yi? Da ɓargo ya kama, likita ya ce a buɗe ƙofa. Tsohuwa ta zo, ko kallon 'yarta ba ta yi ba. Ta ɗora yaron a cinya, tana shafa sabon gashinsa, ta ce, "Kai angon banza, haka ake barin amarya a waje?" Yaro ya ƙyalƙyale da dariya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.