Hayaƙin Tafki Bai Tashi Ba

Mutanen Tungar Lalle na cewa tsaftar Baba Talle ta yi yawa, ko ƙuda ba ya sauka a zaurensa. Shi ma ya san dokar: in ƙwarin nan masu kama da sauro, marasa cizo, suka daina tashi kamar hayaƙi bisa tafki, ruwan ya mutu, sai a kwashe garin.

Da hantsi wata ma'aikaciyar ruwa ta cusa hannu cikin taɓon tafkin. Jajayen tsutsotsin da ke zama ƙwarin duk sun yi fari.

"Iyayena, wa ya zuba magani a nan?" ta tambayi mutanen garin.

Motocin kwashe mutane na jira a bakin hanya.

Baba Talle ya cire hularsa. "Zazzaɓi ya kwantar da matata, na zaci ƙwarin nan sauro ne, shi ya sa na zuba. Jama'a, ku yafe mini."