Injin da Bai Mutu Ba

"V1," in ji Dogo, idonsa a kan allon da ke gabansu.

Kyaftin ta bari ya sauke numfashi, sannan ta ce, "Inji ɗaya ya mutu. Me za ka yi?"

"Mun wuce V1, iyakar gudun da ake taka birki. Titin da ya rage ba zai ishe mu tsayawa ba. Tashi za mu yi."

Daidai. Kullum amsarsa daidai take, abin da ke ƙona mata rai ke nan. Tambaye shi abin da ke sa fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ya ce kusurwar da yake karɓar iska ce ta wuce iyaka. Tambaye shi dalilin da manyan jirage ke lulawa sama, ya ce can iska ba ta da kauri, mai ya fi auki. Ita kuwa da ta koyi harkar da girma, sai ta bi layi sau uku da yatsa, tabarau a kan karan hanci, kafin abu ya zauna mata. In kan mutum jirgi ne, takan ce, nata tsoho ne na dakon kaya.

Amma Dogo, da shekarunsa talatin da ɗaya da lasisinsa a aljihu, sau biyu yana zuwa intabiyu a kamfanin jiragen, sau biyu yana dawowa da kwat a kafaɗa. Kamfanin sau uku kawai yake kiran mutum. Na ukun ranar Alhamis ne.

Takardar da suka aiko bayan na biyun ba ta ɓoye komai ba. Mai gwajin ya zauna a kujerar kyaftin ya tafka kuskure da gangan. Dogo ya gani, don sun ga idonsa ya je wurin. Sai ya yi shiru. Suka rubuta cewa ya san littafi, amma ba ya iya tsayar da na gaba da shi.

Kyaftin ba ta zagi kamfanin ba. Ta san yadda ake ƙera irin wannan mutum. Wani babba ne ke samun yaro tun yana ɗanye, ya lanƙwasa shi har ya daina miƙewa, sannan ya zagaya dangi yana karɓar yabo wai ya iya tarbiyya. Wanda ya yi wannan aiki, ta ce a ranta, a ɗaure shi a rana ya wuni, kuma kada a ba shi ruwa.

Wata huɗu ke nan tana ɗana masa tarko kowace safiya. Ta faɗi tsayin da ba shi aka ba su ba, ya yi gyaran murya. Ta karkata jirgin wajen dutse, ya ce, "Ko dai a sake dubawa, in ba damuwa?" Kafin ya kai ƙarshen ladabinsa, da gaske ne da tuni ana tsintar takalmansu a kwari.

Yau Talata. Gwiwarta na ciwo, kujerar ba ta da taushi, haƙurinta ya kusa ƙarewa.

"Wace ƙafa ke aiki?" ta tambaya.

"Ta dama nake dannawa don kada jirgin ya juya. Ta hagu tana zaune. Injin hagu ne ya mutu."

"To. Zan yanke wa injin hagu mai."

Ta miƙa hannu wajen makunnin injin dama.

Ta yi shi a hankali, yadda ko makaho zai ji iskar hannun. Inji ɗaya ke riƙe da su, da mutum ɗari da tamanin da suka ƙaddara suna zaune a bayansu, shi kuma take shirin kashewa. Ta ga idon Dogo ya sauka a kan yatsunta.

"Kyaftin…"

"Kada ka dame ni, ina aiki."

Ta juyo ta watsa masa harara, irin wadda ba ta taɓa buƙatar ƙarin bayani ba. Kafaɗunsa suka sauka. Kansa ya fara sunkuyawa da kansa, kamar ƙofar da ta saba rufuwa. Shi ke nan, ta ce a ranta, tsohuwar banza, kin gina katanga, yanzu kina dukanta da goshi.

Yatsanta ya taɓa makunnin.

"Dakata!"

Muryar ta cika ɗakin har tagar ta amsa. Hannunsa ya damƙe wuyan hannunta, damƙa ta gaske, mai zafi.

"Wannan na dama ne, shi ke da rai. Ɗauke hannunki. Na karɓi jirgi."

"Ni kake yi wa tsawa?"

"Ke. Ɗauke hannunki, na ce."

Bai sake ta ba. Bai sunkuyar da kai ba. Gumi na bin kuncinsa, amma idonsa yana cikin nata, har ta janye yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Haka za ka yi musu ranar Alhamis," ta ce. "Ko furfurarsu ta kai ƙasa."

Sai a lokacin ta lura ɗaya hannun nata ya riga ya tashi sama, tafin a buɗe, yana jiran umarni. Ta dube shi, ta yi tsaki, ta cusa shi ƙarƙashin cinya. Ba laifin hannun ba ne. Shekara talatin ta yi tana koya wa ɗanta Dogo da shi cewa ba a ɗaga wa uwa murya, kafin ta manna hoton ɗakin matuƙi a bangon shagon ɗinkinta, ita da ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba, ta zauna roƙonsa ya ɗaga.