Ƙarin da Ke Kuka

Tun da aka kawo na'urar da ke fassara maganar jijiyoyin jini, ba a yi wa mai ciwon daji magani sai ya saurari jikinsa tukuna.

Likita ta maƙala wa Iya Tabawa na'urar a kunne, ta ɗan gasa ƙarin da ke nononta. Nan take Tabawa ta ji wata siririyar murya daga cikin ƙarin tana cewa, "Zafi! Yunwa!" Jijiyoyin suka shiga kiran juna: "Ku lulluɓe shi. Ku kai masa jini."

"Sun ɗauka jinjiri ne, Iya," in ji likita. "Allurar nan za ta kurmantar da su."

"Shi fa?"

"Zai yi ta kira har ya mutu."

Shekara talatin ke nan da rasuwar ɗan Tabawa tilo yana jinjiri, lokacin da nonon nan ya ƙi kawo ruwa.

Ta miƙa hannu aka yi mata allurar. Da likita ta zo cire na'urar, sai Tabawa ta dafe kunnenta.

"Bar min ita, 'yar nan. Wancan ma ni na zauna da shi har ya yi shiru."