Tebur Na Bakwai

Guntun katakon Auta ya sake riga na kowa sauka.

Aikin ba mai wuya ba ne. A ɗakin gwajin Fiziks na 'yan aji ɗaya a jami'a, kowane tebur akwai allo a jingine. Ɗalibi zai ɗora guntun katako a sama, ya saki, ya duba agogo ya rubuta sakan nawa ya yi kafin ya iso ƙasa. Na kowa yakan gangaro yana jan jiki kamar tsoho a matakala. Na tebur na bakwai, inda aka ajiye Auta, kafin ta danna agogo ya isa.

Ɗalibai ɗari uku ne, malami ɗaya. Malam Agogo suke ce masa, don ko masallaci da agogon awo a wuya yake zuwa. Ba ya zagaya tebura, takardu kawai yake bi. Ya ga lambobin Auta, ya zana mata sifili.

Mako na gaba aka yi lilo: ƙwallon ƙarfe a bakin zare, tsawonsa mita ɗaya, haka aka rubuta a jikin sandar. Na kowa yana kai da komo a natse. Na Auta kamar ana korarsa. Sifili.

Sai makon igiyar ruwa. Faranti mai faɗi, a taɓa ruwan da tsinke, a ƙirga zoben da ke bazuwa. Na Auta kumfa ya yi, har da ƙamshi. Yarinya ce mai gaskiya, ta rubuta abin da ta gani. Malam ya rubuta mata a ƙasa: "Nan jami'a ce, ba wurin wanki ba."

A gida kuwa Inna ta rame. Firamare ta gama, amma duk yamma sai ta zaunar da Auta ta ji komai. Me aka ba ku yau? Me za a ba ku mako mai zuwa? Tun ranar farko da Auta ta ce allonsu kaushi gare shi, zaren ya tsufa ya yi gashi, ruwan farantin har da matattun ƙudaje, Inna ba ta ƙara samun kwanciyar rai ba. Wanda bai haifa ba, ba zai gane ba.

"Kin riga kowa, kuma a ba ki sifili?"

"Inna, ba tsere ba ne."

"Komai tsere ne. Hassada ce kawai irin ta malamai."

Baba, wanda tela ne, yana gefe yana jijjiga kwalbar man keke a kunnensa. Ya ce shi dai ko aljanun gidan nan sun fara ɗinki, a gaya masu su riƙa sayen nasu man. Babu wanda ya kula shi.

Ranar Laraba takarda ta zo. Kwamitin ladabtarwa yana zargin Auta da ƙago sakamakon gwaji har sau uku. In ta tabbata, kora ce, ba maimaita aji ba. Ita ce ta farko a gidan da ta taka jami'a.

Auta ta roƙi abu ɗaya: Malam ya yi gwajin da hannunsa, a teburinta, a gaban kwamiti. Aka sa Juma'a ƙarfe tara. Inna ta tambayi ranar sau biyu, lokacin sau uku. Da safiyar Juma'ar ta fita aiki tun kafin kowa ya tashi, kamar kullum. Baba ya nemi sabuwar kwalbar da ya ɓoye a cikin takalmi, ya samu takalmi kawai.

Ƙarfe tara Malam Agogo ya gyara tsayuwa a tebur na bakwai. Ya yi wa kwamiti bayanin yadda kaushin allo yake riƙe katako, da yadda lissafi ba ya ƙarya sai dai ɗalibi ya yi. Ya ɗora, ya saki.

Katakon ya bar allo, ya bar tebur, ya sami shugaban sashe a ƙauri.

Aka ɗauko, aka sake. Wannan karon ta taga ya fita.

Malam ya cire tabarau ya goge, ya kai hannu zai shafa allon. Shugaban sashe, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya tare shi. "Kada kowa ya taɓa. Shekara talatin ina jiran irin wannan." Nan take aka zagaye teburin da igiya, aka fara rubuta wasiƙa ga manyan masana su zo su ga inda dokar Fiziks ta tsaya.

Aka wanke Auta daga zargi. Aka soke sifilinta uku, da sharaɗin ranar Litinin ta sake gwaje-gwajen duka a wani tebur, abin da ta samu shi ne makinta.

Inna ta yi kuka har ɗankwalinta ya zame. Da ta share ido ta ce, "Wane tebur suka ba ki?"

"Na uku."

"Na bakin ƙofa, mai gurguwar ƙafa? Allah ya isa."

Auta tana ta murna, ba ta tsaya tunani ba.

Ranar Litinin, saura awa biyu ɗalibai su iso, mai sharar ɗakin gwaji ta buɗe ƙofa da makullinta. Ta jingine tsintsiya, ta wuce kai tsaye tebur na uku, ta shafa allon da tafin hannu ta yi tsaki. Ta zazzage jakarta: man keke, almakashi, garin sabulu. Shekara goma sha ɗaya tana share ɗakin nan, ba a kan idonta za a ba autarta kayan aiki masu kaushi ba.