Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu da Fadamar Ƙauyensu

Tunda ka zo kana tambayar wace mota za ka saya, zauna ka ji misalin wani saurayi. Shekaru ya yi a Fatakwal yana aiki a tashar jiragen ruwa, ya dawo ƙauyensu da kaka, ya yi aure, amma ƙafarsa ta ƙi zama wuri ɗaya. Yau yana kasuwa, gobe yana birni. Da rani ya yi sai ya ce shi fa mota zai saya. A wurin wani dila a Kano ya tarar da guda biyu. Ɗaya ƙarama ce, fara sol, cikinta sanyi kamar randa, ga ta ba ta shan mai. Ɗayar doguwa ce, ta kwana biyu, fentinta ya koɗe, sai dai ƙafafunta huɗu duka suna ja, irin wadda makanikai ke ce wa fowil. Abokansa na birni suka fashe da dariya. "Haba ango, tarakta za ka kai wa amarya? Wannan ai rijiya ce, mai za ka yi ta zuba mata. Ranar da ta lalace kuwa, kayanta sai an aika Legas." Ba ƙarya suka yi ba, shi ma kuma zuciyarsa tana kan farar. Dilan ya shiga gefensa suka tafi gwajin farar har ƙauye. Hanya a bushe, mota tana tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Mata suka yi ta leƙe ta kan katanga, amarya tana dariya cikin mayafi.

A hanyar komawa, tsakiyar fadamar da ta raba ƙauyen da titi, ya tsaya zai kama ruwa. Nan ya ga laka ta bushe ta tsattsage, sawun amalanken shanu na daminar bara ya kai masa gwiwa, ga takalmin wata mata ƙasa ta haɗiye, maɗaurinsa kaɗai ke waje. Ya ja, ya ƙi fitowa. Zaman kudu ya mantar da shi cewa idan ruwa ya zauna, ƙauyensu yankewa yake yi, marar lafiya a kan ƙyauren ɗaki ake ɗaukarsa a tsallaka da shi. Ga matarsa ta fara kwaɗayin ɗanyen mangwaro, mahaifiyarsa kuma ta riga ta faɗa masa haihuwar sai gero ya fara fitar da kai. Cikin fari ne, asibiti kuwa yana can ƙetaren fadama. Ya koma mota. Da suka isa Kano ya shafa farar kamar mai ban kwana da budurwa, ya karɓi makullin doguwar. Duk ranin nan ya sha tsiya. Suka sa mata suna Raƙuma, duk gidan man da ya tsaya sai an yi masa barka da zuwa kamar suruki. Shi ma yana taya su dariya, ko da yake wani lokaci in fara irin waccan ta wuce shi a titi sai ya bi ta da ido.

Agusta ta shigo da ruwa kwana da kwanaki. Wata safiya naƙuda ta tashi. Ya sa matarsa a baya tsakanin mahaifiyarsa da gwaggonta, ya nufi fadama, wadda ta koma kamar kunun da aka dama. Manoman da ke gonakin bakin hanya, da jin ƙugin mota, suka yar da fartanya suka naɗe wando, don a garin haka aka saba, mota ta zo sai turi. Raƙuma ta faɗa cikin laka, bayanta ya karkace, ƙafafun baya suka zame, na gaba suka cafe ƙasa suka ja. "Ɗan nan, a hankali!" in ji mahaifiyarsa. "Ba buhun gero ka ɗauko ba!" Raƙuma ta yi gurnani ta haye tudu, ta bar mutanen tsaye da naɗaɗɗen wando, laka har gemu, babu abin turawa, suna ta ƙyaƙyata dariya suna ɗaga masa hannu. Kafin azahar nas ta fito ta ce an sami mace, uwa da 'ya lafiya lau. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har sai da aka roƙe ta ta tausaya wa marasa lafiya. Shi kuwa, mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba, ya zauna a kan bencin asibiti har la'asar bai motsa ba, yana jiran a miƙo masa jaririyar.

Shawarar abokansa daidai ce ga wanda ƙofar gidansa ke bakin kwalta. Kai ma kafin ka dubi mota, je ka dubi hanyar gidanku, ka tambayi yadda take zama da damina da kuma wa za ka ɗauka a kanta. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.