Kan Injin Motar Baba

Sifana ta sauka a muƙamuƙinsa kafin ya gama cewa "Yaya". Bakaniken ya zube a tsakar garejinsa, jini ya cika masa baki.

"Motar Baba ka fille wa kai?" Yayan ya daka masa tsawa, yana shurin tsohon kan injin da ke yashe a gefe. "Ko shekara bai yi a kabari ba, ɗan banza!"

Bakaniken ya daɗe yana aikin nan a ɓoye. Ya sauya kan injin, ya ɗora sufacaja mai ɗura masa iska, don tsohuwar motar ta yi gudun da Baba ya rasu yana kwaɗayi. So ya yi ya ba yayansa mamaki.

Yayan ya fizge makulli daga jikin ƙusa. "Gida zan mayar da ita. Ka sake taɓa ta, sai na karya maka hannu."

Ƙanen ya rarrafa ya cafke ƙafar wandonsa. Ya yi ta ƙoƙarin magana, amma muƙamuƙin ya ƙi motsi, sai gurnani da kumfar jini. Yayan ya ƙara masa shuri a ƙirji, ya shige motar.

Injin ya tashi da rurin da bai taɓa yi ba. Motar ta fice kamar an harba ta, ta nufi gangaren da ke ƙarewa a titin tireloli.

Ƙanen yana kwance yana ɗaga hannu sama, ko Yaya zai duba madubi. A tafinsa akwai tiyon birkin da ya cire ɗazu don sufacajar ta samu wurin zama.